Sakan Arba'in na Muryar Martha

Shafi na 17

Ku da kuka cika mani akwatin saƙo tun jiya da "ina ci gaba, ina ci gaba", kamar ba ni da tukunya a kan wuta, to ga shi nan. Masu kare Hephzibah kuma ku gyara zama, don yau ni kaina ba na bayanta.

*

Hephzibah ta sauko daga bas a bakin titin Nasarawa tana murmushi ita kaɗai, tafin 'yan ajinsu bai gama fita daga kunnenta ba. Yau Alhamis ta gabatar da aikinta a kwas ɗin medical anthropology, inda Dokta Zakariyya'u yake koya musu yadda mutane suke fassara ciwo da wuraren da suke yawo da shi neman magani. Aikin zangon shi ne kowane ɗalibi ya samo mai doguwar cuta ya ɗauko labarin daga bakinsa, amma ya ɓoye mutumin yadda ko uwar da ta haife shi ba za ta gane shi ba.

Ita kuwa ta ɓoye, a ganinta. Ta canja suna ya koma Lizzy. Ta ɗauke matar daga Nasarawa ta kai ta Gonin Gora, ta raba ta da keken ɗinki ta ba ta shagon kitso. Sai da ta zo tsakiyar bayani, ta ga idon Dokta ya fara lumshewa kamar yadda ya yi wa waɗanda suka riga ta, son yabo ya ɗebe ta. Ta jona wayarta da sifikar aji, ta sakar wa mutum sittin da uku sakan arba'in na muryar mai ciwon.

Aji ya yi tsit. Dokta ya cire tabarau, ya ce wannan shi ne aiki. Shi dai ya ɗauka mai muryar ta yarda a kunna.

Muryar kuwa ta yayarta ce, Martha. Martha da ta shekara shida tana jan waƙa a kwayar cocinsu, wadda saura kwana goma sha shida a ɗaura mata aure da Jonathan. Kuma a layi na uku na ajin ƙanwar Jonathan ɗin ce zaune, Gloria, wadda kowace Lahadi take tsayawa daidai bayan Martha tana amsa mata waƙa.

Yaya mai hankali zai manta da wannan? Ba ta manta ba. Cewa ta yi a ranta sifikar tana shaƙewa, kuma muryar magana daban take da ta waƙa. Mutum in yana son abu, ba ya rasa hujja.

Gloria tana tsaye kusa da mai gasa masara, jaka a kafaɗa, fuskar nan kamar ba ta taɓa dariya ba.

"Hepsi."

"A'a, Glo! Na neme ki bayan lakca aka ce kin fita tun kafin in gama. Kin ji abin da Dokta ya..."

"Ina Lizzy?"

"Wace Lizzy?"

"Mai kitson Gonin Gora. Shuku nake so ta yi mani. Kai ni shagonta."

Hephzibah ta yi dariyar yaƙe.

"Haba, kin san doka. Ba a faɗin..."

"Abeg, no use doka cover my face. Shekara uku ina tsayawa bayan matar nan a kwaya. Na san inda take jan numfashi. Na san dariyar nan tata da take yi ta hanci. Ko a cikin rijiya kika kunna muryar nan zan ce miki Anti Martha ce."

"Ki rage murya."

"Au, yanzu kika san ana rage murya? Ke da kika sa sifika?"

Mai masara ta daina fifita wuta, ta kasa kunne. Hephzibah ta kama hannun Gloria ta ja ta bayan wani kwantena na masu cajin waya. Gloria ta fizge hannunta.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Farfaɗiyar."

A gidan su Hephzibah ba a kiran sunan nan. "Abin nan na Martha" ake cewa, shi ma a hankali, bayan an leƙa tsakar gida. Yau ga kalmar tsirara a bakin titi, daga bakin dangin miji.

"Tun tana shekara sha ɗaya," ta ce. "Amma shekara huɗu ke nan ba ta faɗi ba. Kin ji da kunnenki. Kullum tana shan magani."

"Na ji. Na kuma ji inda ta ce wanda za ta aura bai sani ba, har da dariya. Wanda za ta aura ɗin yayana ne, Hepsi. Uwa ɗaya, uba ɗaya. Aji guda yana 'eyya, eyya', ni ina zaune ana tafi a kan wautar gidanmu."

"Ba wanda ya san ku ne."

"Ni na sani."

Hephzibah ta nemo makamin da ya rage mata.

"Kin sa hannu, Gloria. Ranar farko duk mun sa hannu a takarda. Abin da aka ji a aji, a aji zai mutu."

"Na sa."

"To?"

"To ke fa? Fom ɗin da Anti Martha ta sa wa hannu, akwai inda aka rubuta a kunna muryarta a gaban jama'a?"

Gloria ta leƙa fuskarta.

"Ba ki ji ba? Kuma sau nawa Dokta ya ce kada wanda ya ɗauki ɗan gidansu? Mu muka sha rana. Ni sati uku ina zarya wurin wani tsoho mai ciwon suga, kare ya bi ni sau biyu. Ke kika zauna a tabarmar gidanku kika tatsi yayarki, don ita ba za ta ce miki a'a ba."

Gaskiya ce, kuma gaskiyar ce ta ƙona ta. Wanda aka kama dumu-dumu ko ya durƙusa ko ya yi cizo. Hephzibah ta zaɓi cizo.

"Ke ce fa kika fi kowa maki a jarrabawar tsangwama," ta ce, tana matsowa. "Ke kika tsaya gaban aji kina koya mana cewa farfaɗiya ba a ɗaukarta a yawu, ba iska ba ce, ba maita ba ce. Har Dokta ya karanta amsarki don mu koya. Ashe duk a takarda ya tsaya. Ashe wanzami ba ya son jarfa."

"Kar ki kawo mani wannan! Na ce miki zan daina cin abinci da ita? Ranar Talata kwano ɗaya muka ci gwate. Ba ciwon ne ya dame ni ba, ɓoyon ne. Kwamitin aure ya zaunar da su sau huɗu. An yi gwajin jini. Fasto ya tambaye su ko akwai abin da ɗaya bai gaya wa ɗaya ba, ta ce babu. Da Littafi a gabanta ta ce babu."

"Da ta faɗa, Mamanku za ta bar auren?"

Gloria ta kau da kai.

"Amsa mani mana, malamar tsangwama. Ranar da wata mata ta faɗi a taron zumuntar mata, wa ya ce kowa ya ja da baya kada kumfar bakinta ta taɓa shi? Wa ya sa aka fasa kofin da ta sha ruwa da shi? Ba Mama Hadassah ba ce, shugabar zumunta?"

"Kar ki sa uwata a bakinki."

"Ke kika sa yayata a naki."

"Ni na sa ta? Ni?" Gloria ta buga ƙirji. "You dey craze? Ina zaune da birona, ke kika zuba mani ita a kunne! Kin san abin da kika yi mani? In na yi shiru na ci amanar Jonathan. In na faɗa na ci amanar takarda. Ke kuma kin tafi gida da tafi."

Idonta ya ciko, amma ba ta bari ya zubo ba. Ta goge da bayan hannu da ƙarfi, kamar hawayen ma sun yi mata laifi.

"Ki saurare ni. Lahadi za a yi sanarwa ta uku a coci. Fasto zai ce wanda ya san dalilin da zai hana auren nan ya faɗa. Ba na so in zauna a benci ina jin wannan da abu a cikina. Ki gaya wa Anti Martha ta gaya wa Jonathan da bakinta kafin ranar Asabar ta faɗi. In ba ta yi ba, ni zan yi."

"Zan kai ki wurin Dokta. Wallahi sai kin faɗi kwas ɗin nan. Har gaban kwamitin ladabtarwa zan kai ki."

"Mu je tare. Ke za ki fara, da bayanin sifika."

Gloria ta ɗaga hannu ta tsayar da keke. Ta sa ƙafa ɗaya ciki, ta juyo.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Hepsi. Asabar."

Keke ya ja. Hephzibah ta tsaya tana kallon hayaƙinsa. A lokacin ba wanda ta tsana a duniya kamar Gloria, kuma ta san dalilin: a duk abin da yarinyar ta faɗa ba ƙarya ko ɗaya.

*

Shagon Martha yana can cikin layi, bayan injin niƙa. Tafiyar minti biyar ce, amma Hephzibah ta yi ta a minti ashirin. Sau biyu tana wuce kwanar.

Ta sami yayarta a kan keke, tef a wuya, yadin anko ja da ruwan gwal jibge a kan tebur har ƙasa. Martha ta ɗago, fuskarta ta washe.

"'Yar boko ta dawo! Yaya? Siket ɗin ya zauna? Na ce miki kada ki ci abinci da yawa kafin ki shiga."

"Ya zauna, Anti."

"Dokta ya ji daɗi?"

"Ya ji."

"To me ya sa kike tsaye a ƙofa kamar mai karɓar haraji? Shigo ki riƙe mani bakin yadin nan."

Hephzibah ta shigo, amma ba ta taɓa yadin ba.

"Anti, akwai magana."

"Ina ji." Keke yana ta tafiya.

"Hirar nan da muka yi. Wadda na ɗauka a waya."

"Wadda kika ce malaminku zai karanta."

"Na... na kunna kaɗan a aji."

Ƙafar Martha ta tsaya. Keken ya yi juyi biyu shi kaɗai, ya mutu.

"Kin kunna me?"

"Kaɗan ne. Sakan arba'in. Na canja suna, na canja unguwa, na ce kitso kike..."

"Muryar fa? Kin canja ta?"

Hephzibah ta sunkuyar da kai.

"Kunna mani."

"Anti..."

"Na ce kunna mani abin da suka ji."

Hephzibah ta lalubo wurin. Muryar Martha ta cika ɗan shagon, a sake, muryar mace da take hira da ƙanwarta a ɗakinsu ba tare da tsoron kowa ba:

"An kai ni gidan addu'a, aka ɗaure ni kwana uku wai a fitar da shi. An kai ni ƙauye, mai magani ya sa mani ƙafa a wuta wai in farka. Asibiti shi ne na ƙarshe, shi ne kuma ya yi. Shekara huɗu ban faɗi ba. Amma wanda zan aura bai sani ba. Ban san da wane baki zan faɗa masa ba."

Sai dariyar nan ta hanci, gajera.

Martha ta zare tef daga wuyanta, ta naɗe shi a hankali a yatsa, ta ajiye.

"Mutum nawa?"

"Ajin ne kawai..."

"Nawa?"

"Sittin da uku."

"Sittin da uku." Ta gyaɗa kai. "Ni da na yi zaton mutum ɗaya ne, tsoho mai tabarau, zai karanta a ofis ya sa a durowa. Karantawa kika ce mani, Hephzibah. Na tambaye ki sau biyu. Kika ce karantawa."

"Ban shirya ba, Anti. A take ne abin ya zo mani."

"Kin manta abin da ya tashe mu daga Kakuri?"

"Ban manta ba."

"Kin manta, ƙarama ce ke. Bari in tuna miki. Na faɗi a bakin famfo sau ɗaya. Sau ɗaya! Washegari ba wanda ya sayi kunun Mama. Ta dawo da bokiti cike, ta zubar a kwata. Sati biyu tana damawa tana zubarwa. Matan gidan hayar suka ware mana igiyar shanya. Baba ya kwashe mu muka dawo nan inda ba a san mu ba. Shekara goma sha bakwai muna rufe abin nan kamar ƙwai, ke kika fasa shi da yatsa ɗaya."

Nan ma da Hephzibah ta yi shiru da ya fi mata. Amma wata uku tana haddace lakca, kuma boko in ya cika ciki ba ya sanin inda ake fitar da shi.

"Anti, amma Dokta ya ce shirun nan shi ne yake ciyar da tsangwama. In masu ciwon ba su fito sun yi magana ba, al'umma ba za ta..."

"Dokta ya ce."

"Ina nufin..."

"Dokta zai aure ni?"

"A'a, amma..."

"Al'umma za ta aure ni? Rufe mani baki da turancinki! Ciwon a jikina yake, ƙunar a ƙafata take. In za a fito a yi magana, ni zan fito, ranar da na ga dama. Wa ya naɗa ki kakakina?"

Ta miƙe. Martha ba doguwa ba ce, amma yau Hephzibah ta ja da baya har ta bugi tebur.

"Maki nawa aka ba ki?"

"Anti, don Allah."

"Nawa?"

"Ashirin da takwas. Cikin talatin."

"Ayya, saura biyu. Ai da kin faɗa mani na bi ki. Na daina shan magani kwana uku, na zo na faɗi a gabansu, a cika miki talatin ɗinki."

Hawaye ya ɓalle wa Hephzibah. Ta durƙusa a kan ƙyallayen da ke ƙasa, ta kama gefen zanin yayarta. Martha ta janye zaninta.

"Kar ki taɓa ni. Siket ɗin da kika tsaya da shi kika tona ni, ni na ɗinka shi. Har kalmasa na sake sau biyu don kada a raina ki."

Injin niƙa na maƙwabta ya tashi, ya yi ta gurnani, ya sake mutuwa. Hephzibah ta san saura mafi muni, kuma ba wanda zai faɗe shi sai ita.

"Anti... Gloria tana ajin."

Martha ta juyo a hankali.

"Wace Gloria?"

Kafin Hephzibah ta buɗe baki, amsar ta zo wa Martha da kanta.

"Yesu." Ta dafa keke. "Yesu na. Ta gane?"

"Ta tare ni a bakin titi. Ta ce ki gaya wa Jonathan da bakinki kafin Asabar ta wuce. In ba haka ba ita za ta gaya masa."

"Gloria ce take ba ni wa'adi? Gloria da na koya wa riƙe murya?" Ta yi wata dariya mai ɗaci, ta zauna daɓas a kujera. "Kin san sau nawa na buɗe baki in gaya masa? Sau uku. Na farko, ya kawo mani labarin an ba shi shago a Gonin Gora, yana murna kamar yaro, na ce ba yau ba. Na biyu, Mamansa tana ɗaki na kusa. Na uku na fara, na ce Jona akwai ciwon da nake da shi, ya ce in dai ba na daina son sa ba ne, kowane ciwo nasa ne. Ya yi dariya, na yi dariya. Na kasa ƙarasawa."

"To ai kin ji, Anti. Zai karɓa. Jonathan yana son ki."

"Da zai karɓa daga bakina, wataƙila. Ni da shi, a inda na zaɓa, da kalmomin da na zaɓa. Wannan kaɗai nake da shi, Hephzibah. Ciwon bai tambaye ni ba kafin ya zo, amma faɗinsa nawa ne. Shi kika ɗauke."

Ta miƙa hannu.

"Goge shi. Yanzu, a gabana."

Hephzibah ta goge da sauri, ta shiga inda gogaggu suke taruwa ta sake gogewa, ta nuna mata. Wayar tana hannunta ke nan ta yi ƙara. Gurup ɗin aji ne. Ta kai ido ba da niyya ba.

Tony ne, wakilin aji. Tun farkon zango yake ajiye wayarsa a teburin gaba yana ɗaukar kowace lakca saboda masu aiki da ba sa samun zuwa, kuma kowa yana sa masa albarka. Ya turo tun awa ɗaya da ta wuce: "Lakcar yau, cikakkiya. Ku saurari ta Hepsi, fire!" Saƙon da ya shigo yanzu na wata ce tana tambaya ko za ta iya tura wa antinta nas.

"Mene ne?" in ji Martha.

"Ba komai."

"Kin fara wata ƙaryar?"

Ta miƙa mata wayar. Martha ta karanta, ta sake karantawa, leɓenta yana motsi. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye wayar a kan yadin ankon, ta zuba mata ido.

Mota ta tsaya a ƙofar shago.

Labule ya ɗaga ba sallama. Mama Hadassah ce, uwar Jonathan, da zanin zumunta a jikinta da ɗaurin kallabi da aka yi cikin sauri. A bayanta Gloria, ido jajur, tana kallon ƙasa.

Martha ta zame daga kujera ta durƙusa.

"Mama, sannu da zuwa. Ga wuri."

"Ba zama na zo ba."

Hephzibah ta watsa wa Gloria wani kallo.

"Asabar kika ce! Munafuka, ko awa biyu ba a yi ba!"

"Ban faɗa ba!" Muryar Gloria ta karye. "Allah ya sani ban faɗa ba. Na ga Tony ya turo, na kunna a ɗaki in sake ji ko kunnena ne. Ban san Mama tana bayan taga tana tsince shinkafa ba."

"Ku yi mani shiru, ku biyun," in ji Mama Hadassah, ba tare da ta kalle su ba. Idonta yana kan Martha, daga kai har zuwa ƙafar da ke cikin safa duk zafin nan. "Ashe shi ya sa. Ni ina cewa kunya ce ta 'yar mutunci, ba ta nuna ƙafa."

Martha ta ja ƙafarta ƙarƙashin zani.

"Na ji wata murya a wayar 'yata," Mama ta ci gaba. "Rabi na ji, ta kashe. Na ce ta sake, ta ƙi, wai ta sa hannu a takarda. Ni na haife ta, amma takarda ta fi ni. To na zo inda aka dafa abin." Ta juyo ga Hephzibah. "Ke mai ilimi. Kunna mani daga farko."

"Mama, dokar makaranta ta hana..."

"Dokar ta yarda wa aji guda, ni ce ta hana? Ni da zan kai ɗana?"

"Mama, ba a ɗaukar ciwon nan. Ki tambayi Gloria, mun karanta. Da magani mutum yana..."

"Na tambaye ki lakca? Na binne miji, na aurar da 'ya'ya uku, ban taɓa kai kowa gidan da aka rufe mani ido ba. Sau nawa na zauna da uwarku? Mun yi addu'a tare, ta riƙe hannuna ta ce sun ba mu 'ya lafiyayya. Kunna!"

Hephzibah ta kalli wayar da ke kan yadin. Ta kalli yayarta. Tunda take ba ta taɓa jin ta zama abin banza kamar yau ba.

Martha ta miƙe daga durƙuson. Ta kakkaɓe zare daga gwiwarta, ta sa hannu ta kife wayar.

"Ba sai an kunna ba, Mama," ta ce. Muryarta ba ta rawa. "Mai muryar ga ta a gabanki. Abin da kika ji, haka yake."

Gloria ta toshe baki da hannu.

Labule ya sake ɗagawa. Jonathan ya sunkuyo ya shigo yana kaɗa makullin mota a yatsa, da murmushinsa har kunne. Shi abin da aka gaya masa, Mama za ta zo gwada rigar biki.

"Layin nan naku ba wurin juya mota, sai da na... A'a." Ya tsaya. Ya kalli ƙanwarsa tana kuka, ya kalli Hephzibah a ƙasa, ya kalli Martha. Murmushin ya fara sauka. "Lafiya? Wace murya ake magana a kai?"



Mama Hadassah ta matsa gefe, ta buɗe masa hanya har zuwa gaban Martha.

"Tambayi amaryarka," ta ce. "Tambaye ta abin da mutum sittin suka riga ka sani."